An Binne Bushiya, Danginta Na Nan Cikin Garke

Shekarun baya, ana saura kamar wata guda Babbar Sallah, wata innata da ke zaune a wani ƙauye gabas da Tawa ta aika aka sayo mata ɗan bunsuru a kasuwar Lahadi, don ta haɗa shi da awakinta bakwai. Da aka kawo shi lafiyarsa lau, yana tsalle, yana cin harawa. Kwana biyar sai ya fara noƙe kai, idanunsa suka cika da kwantsa, majina ta toshe masa hanci. Kafin ya mutu biyu daga cikin nata sun kama. Zawo mai wari ya biyo baya, baki ya yi gyambo har ko dusa ba su iya ci. Cikin mako uku, garken da ta yi shekara shida tana tarawa ya koma akuya biyu. Da na je yi mata jaje ta ce, "Ɗana, iska ce ta bi ta kansu." Na ce, "Inna, iska ce kam, amma irin wadda ke fita daga hancin wannan ta shiga na wancan."

Cutar da ta yi mata wannan ɓarna ita ce ma'aikatan kiwo ke kira PPR, daga sunanta na Faransanci. Ni a nan zan ce mata bushiyar awaki, ko da yake tumaki ma tana kama su, domin ƴar uwa ce ta jini ga bushiyar shanu da ta gigita kakanninmu. Ba su biyu kaɗai ba ne a gidan. Ƙyandar da ke kama yaranmu, wadda wasu ke ce wa baƙon dauro, ƴar ɗakinsu ce. Haka ciwon nan na karnuka mai farawa da majina ya ƙare da karkarwa. Idan aka leƙa sauran ɗakunan gidan za a tarar da hangum, da annobar da ke share kajin ƙauye duk lokacin hunturu. Masana suna kiran wannan babban gida Paramiksobirus, shi kuma ɗakin su bushiya da ƙyanda suna ce masa Morbilibirus.

Kafin a gane halin dangin sai an gane mene ne birus. Ba tsutsa ba ce, ba kaska ba ce, ba kuma bakteriya ba ce irin wadda ke kawo ciwon huhun shanu. Bakteriya halitta ce mai ci da hayayyafa da kanta. Birus kuwa ya fi kama da laya: ɗan rubutu ne a naɗe cikin fata. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa. Sai ya samu shiga cikin ƙwayar halittar jikin dabba, ita ta karanta rubutun, ta ajiye aikinta ta koma buga masa kofi dubbai. A wannan dangi rubutun zare ɗaya ne na abin da ake kira RNA, haruffansa kimanin dubu 15 zuwa 16 a su bushiya, kuma abin da ya ƙunsa bai wuce umarnin ƙera manyan sassa shida ba. Fatar layar kuwa kitse ce, wadda birus ɗin ke yagowa daga jikin ƙwayar da ya fito cikinta. A bayan fatar akwai ƙayoyi iri biyu. Ɗaya tana maƙalewa kamar ƙarangiya a gefen zane. Ɗayar kuma tana narkar da fatar birus ta haɗe da ta ƙwayar jiki, rubutun ya zube ciki.

Abin da ya sa ɗakin su bushiya ya fi muni shi ne ƙofar da ƙarangiyar tasu ta zaɓa. Ba su fara da huhu ko hanji ba. Masu gadin jiki suke fara kamawa, wato fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne yaƙi da cuta. Akuya ta shaƙi birus, masu gadi su ɗauke shi su kai shi kaluluwa da nufin a hukunta shi, shi kuwa can yake so. Nan zai hayayyafa kwana huɗu zuwa shida ba tare da kowa ya ga alama ba, shi ya sa bunsurun inna ya wuce idon dillali da na mai saye. Sai ya gama karya garkuwar jiki sannan ya bi wata ƙofa ta biyu zuwa fatar cikin baki, hanci, huhu da hanji. Daga nan hawaye, majina, tari da zawo, kuma kowannensu jirgi ne da zai kai shi ga ta kusa.

Wannan ne ya bayyana wani abu da ke ruɗa masu kiwo. Mutum zai sayi kafso ko allurar nan mai ruwan ɗorawa a kasuwa, ya yi wa akuya, ya ga ta ɗan farfaɗo, ya rantse maganin ya kashe cutar. Bai kashe ta ba. Irin waɗannan magunguna bakteriya suke kashewa, ba su taɓa birus ko kaɗan. Abin da ya faru shi ne, da garkuwa ta faɗi sai bakteriyar da dama ke zaune a maƙogwaro ta samu sarari ta faɗa huhu, to ita maganin ya tare. Yana iya ceton wasu, ban musa ba. Amma akuyar tana ci gaba da fesa birus ga sauran, mai ita kuma hankalinsa ya kwanta ya sake ta cikin garke. A yara ma haka ƙyanda take yi: sau da yawa ba ƙurajen ke kisa ba, ciwon huhu ne da zawo da ke shigowa ta ƙofar da ta bari a buɗe.

Duk da wannan mugunta, ɗakin su bushiya yana da rauni har uku, kuma a kansu ne duk wata dabara ta yaƙi da shi ta dogara. Fatar kitsen nan ba ta jure rana, zafi ko sabulu. Idan majina ta faɗi a ƙasar Adar da rana tsaka, ba a daɗe ba birus ɗin da ke ciki ya lalace. Ku gwada shi da ciwon saifa, wanda ƙwayarsa ke kwanciya cikin ƙasa shekaru aru-aru tana jiran damina. Na biyu, dabbar da ta warke ta warke ke nan, ba ta ɓoye shi a jiki tana rabawa, kuma ba ta sake kamuwa har ta mutu. Na uku, ba ya canza riga yadda mura ke yi. Bushiyar awaki tana da zuriya huɗu da masana suka tantance, amma allura guda tana tare dukkansu. Ke nan wannan birus ba shi da rumbu. Kullum sai ya samu sabon jiki da bai taɓa saninsa ba, in ya rasa na ƴan makonni ya mutu a wannan yanki. Kamar wutar daji yake, inda ta ci ba ta komawa, inda aka share ciyawa ba ta tsallakawa.

Bushiyar shanu ita ce shaidar cewa wannan lissafi gaskiya ne. Ta shigo Afirka ta kudu da Sahara wajen 1887, ta tashar ruwan Masawa a Eritiriya, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Cikin ƴan shekaru ta keto Sahel har ta iso ƙasashenmu, zuwa 1896 ta kai kudancin nahiyar. A wurare da yawa cikin shanu goma tara suka faɗi. Makiyayan wannan yanki sun yi wa annobar laƙabi da "Sannu", don ba abin da ake ce wa juna sai shi. Duk wanda ya san abin da saniya take a wajen Bafulatani ya san ba dukiya kaɗai ta tafi ba. Turai ma ta ɗanɗana: ɓarkewar da aka yi a Beljiyam a 1920, daga shanun Indiya da suka yada zango a tashar ruwan Anbas, ita ta sa aka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Paris a 1924.

Makamin da ya juya yaƙin ya fito daga Kenya, inda wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya yi ta renon birus ɗin cikin ƙwayoyin ƙodar maraƙi a kwalba har ya yi laushi, ya zama yana koya wa jiki yaƙi ba tare da ya kwantar da shi ba. Allura ɗaya, kariya har mutuwa. A 1962 aka ƙaddamar da babban gangamin da ake kira JP15, kuma a nan yankin Tafkin Cadi aka fara shi: Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi, kafin ya bazu zuwa ƙasashe fiye da ashirin. Ya yi aiki ƙwarai. Zuwa 1976 da aka rufe shi, bushiya ta zama labari a yawancin wurare.

A nan ne nake so mai karatu ya dakata, domin abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya fi shafar awakinmu. An ga cuta ta yi shiru, masu ba da kuɗi suka naɗe tabarma, gwamnatoci suka sassauta. Alhali akwai ƴan lunguna da wutar ba ta mutu ba, ɗaya a iyakar Mali da Muritaniya, wani a kudancin Sudan. Kowace shekara ana haihuwar maruƙan da ba su san allura ba, ciyawar da aka share tana sake tsirowa. Farkon shekarun 1980 wutar ta tashi daga gabas da yamma ta haɗe a tsakiya, ta yi wa makiyayan Najeriya mummunar ɓarna a 1983, ga kuma farin 1984 ya biyo baya. Dole aka sake sabon gangami na Afirka baki ɗaya a 1986. A wannan zagaye ne aka samu allurar da ke jure zafi, wadda za a iya ɗauka a kan raƙumi ko babur ba tare da ƙanƙara ba, kuma a ƙasar nan tamu ta Nijar aka yi ɗaya daga gwaje-gwajenta na fili. An kuma koyi sauraron makiyaya, don su suka fi kowa sanin inda cuta take ɓuya. An ga bushiya ta ƙarshe a 2001 cikin ɓaunaye a Kenya, aka yi shekara goma ana bincike, sannan a 2011 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa shafewa.

Wani abin mamaki: masu binciken asalin ƙwayoyin cuta sun nuna ƙyanda da bushiya tushensu ɗaya, kuma mafi rinjayen ra'ayi shi ne daga shanu ta tsallako ta zauna a jikin mutum, tun zamanin da birane suka fara cika. Mun binne ta wajen shanu, ta wajenmu kuwa har gobe tana kwantar da yara a asibitocinmu duk lokacin zafi, alhali ita ma allurarta na nan.

To in haka ne, me ya hana a yi wa bushiyar awaki abin da aka yi wa ta shanu? An san ta tun 1942, lokacin da aka fara bayyana ta a Kodebuwa. Allurarta mai kyau ce, daga wani birus da aka samo a Najeriya a 1975 aka sarrafa ta, kuma tana kare dabba aƙalla shekara uku, wanda ga akuya kusan tsawon rai ne. Ba sai mun jira jirgi ya kawo ta ba, ɗakin binciken kiwo na ƙasa da ke Yamai, LABOCEL, yana haɗa ta. Gwamnati tana fitowa da gangamin rigakafi kyauta kowace shekara, inda ake haɗa ta da ta ciwon huhun shanu da ta raƙuma. A 2015 ƙasashen duniya sun taru a Abijan sun sa 2030 a matsayin shekarar da za a gama da ita. Amma maimakon ta ja baya, tun kafin taron da bayansa bazuwa take yi: ta shiga Sin a 2007, Maroko a 2008, ta kashe dubban barewar saiga a Mongoliya wajen 2017, ta kuma ɓulla a Girka da Romaniya a 2024.

A ganina matsalar ba ta birus ba ce, ta akuya ce, ko in ce ta matsayin akuya a rayuwarmu. Saniya tana daɗewa. Wadda aka yi wa allura bana, da wuya ba a same ta cikin garke ba bayan shekara biyar. Akuya kuwa wata biyar take ɗaukar ciki, ta haifi biyu, wani lokaci sau uku cikin shekara biyu. Ita ce asusun gida: ciwo ya taso a kama ɗaya, suna a yanka ɗaya, hatsi ya ƙare a rumbu a kai biyu kasuwa. Mu ɗauki misali. Ƙauye yana da awaki ɗari, malaman dabbobi suka zo suka samu tamanin. Aiki ya yi kyau. Kafin shekara ta zagayo an sayar ko an yanka talatin, an haifi wasu talatin ko fiye. Ƴaƴan suna samun kariya daga daƙashin uwa, amma wata uku zuwa huɗu ta gushe. Ka ga garken da aka bari da kariyar tamanin cikin ɗari ya sauko kusan rabi ba tare da kowa ya yi sakaci ba. Masana kuwa suna neman kariya ta kai kamar saba'in cikin ɗari ko sama, ta kuma zauna a nan shekaru a jere, kafin wutar ta rasa abin ci.

Sai kuma tambayar wa ake samu ranar allura. Shanu suna da mai su da ake gani, suna da wurin tarawa, kuma namiji ne ke tsaye a kansu. Awakin gida yawanci na mata ne. Uku a wannan gida, biyar a wancan, da safe yaro ya kora su daji tare da na unguwa. Sanarwa ta bi ta fadar mai gari ta isa majalisar maza, matar da ke da awakin tana bakin rijiya ko tana daka. Kwalbar allura kuma ta bisashe hamsin ce ko ɗari, in an jiƙa ta sai a ƙarar cikin ƴan sa'o'i, zafinmu ba ya ɗaga mata ƙafa. Ma'aikacin da ya yi tafiyar kilomita da yawa a kan babur ba zai so ya fasa kwalba don awaki bakwai ba. Ba zarginsa nake ba, lissafin mai da lokaci ne. Amma birus bai san wannan lissafi ba, a waɗannan bakwai ɗin yake kwana.

Ga kuma tafiya, wadda ita ce ran kiwonmu. Damina ta faɗi garkuna su haura Azawak, ta Abalak da Cintabaradan, wasu har Ingal wajen lasar gishiri. Kaka ta yi su gangaro gonaki cin kara, wasu su tsallaka Najeriya ta Ƙonni. A bakin tafkin Tabalak ko wata rijiya, garken da ya fito gabas da wanda ya fito yamma suna cusa baki cikin kwami ɗaya. Kasuwannin Badagishiri, Tunfafi da Tawa suna tara bisashen ƙauyuka ɗari a fili guda, yini guda, sannan su watsa su. Gab da layya kuwa manyan motoci ne ke kwasar raguna zuwa Yamai da bakin teku, a cunkushe, hanci a kan hanci. Ba wanda zai ce a daina wannan, da shi muke ci. Abin da yake nufi kawai shi ne ƙasa ɗaya ba ta iya gamawa da cutar ita kaɗai, kuma duk yankin da rashin tsaro ya hana malaman dabbobi shiga ya zama irin lungunan nan da suka mayar da JP15 baya.

Kaji nasu ya fi wuya, kuma ba na jin akwai mai maganar shafe tasu cutar. Ana kiranta Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta wajen 1926, lokaci guda da tsibirin Jawa a Indonesiya. Kowa ya san ta ko bai san sunan ba: iskar hunturu ta kaɗa, kaza ta yi tsaye fuka-fuki a sake, kashi kore, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. Tsuntsayen daji suna ɗauke da ita, saboda haka tana da rumbun da bushiya ba ta da shi, kuma rigakafinta ba ya daɗewa, sai ana maimaitawa kamar kowane wata huɗu. Akwai irin da ake ɗiga wa kaza a ido, mai ɗan jure zafi, wanda mace a ƙauye za ta iya koya cikin yini ɗaya. Abin da ke ƙara mata gudu shi ne dabararmu ta gargajiya: da kaza ɗaya ta yi sanyi sai a ɗaure sauran a kai kasuwa kafin su faɗi. A kula kuma, alamunta suna kama da na murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a ƙasar nan a Magarya a 2006. Wancan wani dangi ne daban, kuma yana iya kama mutum, don haka kajin da suka zube rana ɗaya ba na tukunya ba ne.

Akwai ma wani reshe na gidan da ke zaune cikin jemagu masu cin ƴaƴan itace. Wani birus na wannan reshe ne ya kashe dawaki da mai horar da su a Ostareliya a 1994, ɗan uwansa Nipa kuma ya bi ta aladu ya kashe mutum fiye da ɗari a Maleshiya a 1998 zuwa 1999. Na kawo shi ne don a san dangin ya iya tsallake katanga. Ciwon karnuka ma ya taɓa yin haka, ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan dajin Serengeti a 1994.

Mu dawo kan kunnen akuya, don a nan ne na ga gardama da idona. Domin a bambance wadda aka yi wa allura da wadda ba a yi wa ba, ma'aikata suna ɗan tsaga ko huda kunne. Dabara ce mai ma'ana: tun da allura ɗaya ta isa, baɗi sai a nemi marasa alama kawai, a rage ɓarnar magani. Amma mutane da yawa suna ɓoye ragunansu mafi kyau, suna tsoron mai saye zai ce kunne ya yi aibi, layya ba ta yi ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin wannan tun da daɗewa: tsaga kaɗan ba ta hana layya, sai in ta wuce sulusin kunne. Alamar rigakafi ba ta kusa da haka. Sai dai dillali ba fatawa yake nema ba, abin rage kuɗi yake nema, kuma mai rago ya san haka. Ina ganin huɗubar Juma'a guda a garuruwan kasuwa, kafin a fara gangami, za ta yi abin da takardun manne-manne na Faransanci ba su yi ba. Abin takaici, ragon da aka ɓoye shi ne wanda zai fi kowane yin tafiya mai nisa.

Inna dai ta sake tara garkenta daga biyun da suka tsira, waɗanda yanzu ba abin da cutar za ta ƙara yi musu. Duk abin da aka sayo mata daga kasuwa sai ya yi mako uku ɗaure a bayan ɗaki, da kwanon ruwansa daban, kafin ya ga sauran. Wannan ta riƙe shi da kyau. Da na koma bara na tambaye ta ko masu allura sun zo. Ta ce sun zo, ranar tana gidan biki a ƙauyen gaba, jikanta ne ya kai musu waɗanda ya iya kamawa. Muka shiga garke muna duba kunnuwa. Cikin tara, huɗu ne ke da alama. Uku kuma ƴan ƙanana ne da aka ce ba su kai wata uku ba, a bari sai zagaye na gaba, ɗaya daga cikinsu ma ta riga ta yi alkawarinsa ga mai sunan da za a yi bayan Sallah.